Wanda Ya Ƙulla Takubban Sarki

Shekaranjiya a bakin ruwa, wajen masu kifi, na ji wani ɗan banza yana ce wa abokin cinikinsa, "Kai, kar ka yi mini ƙullin Aldis!" Wai kar ya yaudare shi. Na dire kwandona na sha gabansa na ce, "Ka san Aldis ɗin?" Ya ce bai san ta ba, haka ya taso ya ji ana faɗa. To ni na san ta. Yayar mahaifina ce, a ɗakinta na koyi tufkar igiya, a bakin murhunta na sha labarai har kunnena ya ƙoshi. Tunda bakin mutanen tsibirinmu Kalfey ya ƙi gajiya da sunanta, ni ma nawa ba zai gaji ba. Ku gyara zama.

Gwaggo Aldis mai tufkar igiya ce, kamar ubanta da kakanta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta kamar busasshiyar fata, kullum tana warin ƙaro. Mijinta ruwa ya ci shi tun ba su shekara uku da aure ba. Ba ta haihu ba, ba ta kuma sake aure ba, ta ce namiji ɗaya ya isa ya nuna wa mace abin da ke cikin lamarin. Igiyar jirgi, ta ƙugiya, ta ɗaurin saniya, duk a gidanta ake samu. Amma abin da ya sa manya ke gaishe ta da ladabi aikin rana ɗaya ne a shekara.

Yaran yanzu ba su ga wannan ba. A da, idan ƙanƙara ta narke aka kira taron shari'a, kowane namiji da takobinsa yake zuwa, don ba mai yarda ya bar nasa a jirgi alhali wanda ya kashe masa ɗan'uwa yana filin. Sai dai kafin ka taka filin, sai an ɗaure maka takobin a cikin kubensa. Gidanmu ke ɗaurewa. Ƙullin gadonmu ne, ba a koya wa wanda ba jininmu ba. Idan Gwaggo ta ƙulla, kafin ka kwance tukunyar kunu ta tafasa, kuma kafin nan ko zuciyarka ta huce ko jama'a sun danne ka. Maza masu gemu har ciki, waɗanda suka ƙone garuruwa a hayin teku, haka za su jeru a gabanta kamar tumaki a ƙofar garke, tana yi musu tsiya. Wanda ta fi tsokana shi ne Ozur, shugaban mutanen arewacin tsibiri.

"Miƙo nan, Ozur. Wannan takobi ne ko wuƙar yankan cuku? Kuma dubi ciki, ɗamararka ta kusa ƙarewa."

"Ke dai ƙulla, gizo-gizo, ki rabu da cikina, ba ke kike ciyar da shi ba."

Sarkinmu na lokacin, Hrani, 'ya'yansa maza uku ne. Biyu sun yo shi sak, tun suna tatata suke fasa wa juna kai. Na ukun, Kolbein, ko dinya ta miƙo wuya sai ya ruga. Ranar yankan aladu sai a tsinto shi cikin rumbun sha'ir ya toshe kunnuwa. Uban ya ji kunyarsa, ya ba da shi riƙo. Ɗan sarki gidan wani babba ake kai shi riƙo. Shi kuwa sai aka kawo shi gidan mai igiya, don kowa ya gane matsayinsa a idon ubansa. Shekararsa shida.

Gwaggo ba ta ɗauki abin wulaƙanci ba, ita ɗa ta samu. Ta laƙaba masa Tsako, shi kuma yana ce mata Inna. Ta lura idan tsoro ya kama shi hannuwansa ke fara rawa, sai ta yanko guntun igiya ta danƙa masa. "Idan abin ya zo, ba wa hannunka aiki." Shi ke nan fa. Tsawa ta yi, sai ka ga yatsunsa suna ƙulli. Ubansa ya aiko a kai shi gaisuwa, ƙulli. Yana yi bai ma san yana yi ba. Kafin ya shekara goma babu ƙullin da bai iya ba, har da namu na gado, wanda ta koya masa a ɓoye. Ta ce mini, "Na san an hana. To wa nake da shi a lokacin? Ubanki ya ce shi kifi zai kama, ke ba a haife ki ba."

Akwai kuma wani ƙullin, shi ne tushen maganar duka. Kun san idan za a haye da yaro cikin kwalekwale ana ɗaure shi a jikin benci, kar igiyar ruwa ta ɗauke shi. Kolbein ihu yake yi, wai idan kwalekwalen ya nutse da shi zai nutse. Gwaggo ta yi hunturu guda tana gwaji har ta fito da wani ƙulli mai fuska ɗaya da namu na gado. Ka ja abin da aka ɗaure, gam yake. Amma akwai 'yar wutsiya a ɓoye ta ƙasa, ja ɗaya ya warware. Ta nuna masa ta ce, "Ka ga wannan? Daga ni sai kai. Duk lokacin da ka ga dama kana iya kwance kanka." Tun ranar ya yarda da ruwa. Don ƙauna ta ƙirƙiri abin nan, ku riƙe wannan.

Yana da shekara goma sha bakwai aka yi bikin auren babban wansa. Ba a ko gayyace shi ba. Da rana tsaka mutanen wani gida da ke da gabar jini tsakaninsu da Sarki Hrani suka kewaye zauren, suka tokare ƙofofi, suka cinna wuta, sarkin da 'ya'yansa biyu na ciki. Daga kan tudun bayan gidan Gwaggo ya hango hayaƙin. Washegari ya je ya tone toka da hannunsa. Bai yi kuka ba. Da aka kwana bakwai ya ce zai bi jiragen masu fita viking, wato kai hari ta teku.

"Kai, Tsako? Kai da ko kaza ba ka iya yankawa?"

"Zan koya, Inna. Ai ke kika ce hannuna na da saurin koyo."

Ya koya kuwa. Shekara goma sha biyu ya yi, ya dawo da jirage tara da wasu ƙarti masu baƙon harshe, ga tabo daga kunne har haɓa. Gidan da suka ƙone ubansa ya fara ƙonewa, da kowa a ciki, har da yaran da aka haifa bayan an yi abin. Sai gidan da suka ba su mafaka. Sai gidan da suka ce abin ya yi yawa. Kuma duk inda ya tsaya a kan toka magana ɗaya yake yi, wai shi zaman lafiya yake nema. Da shugabanni bakwai da suka rage suka ga haka, sai suka aika Ozur ya ce a haɗu a taron bana a yi sulhu, za su karɓe shi sarki. Ya amsa.

Saura kwana uku taro, da hantsi, sai ga shi a ƙofar Gwaggo shi kaɗai. Ya sunkuya ya shiga, ya zauna a kan kututturen da ya saba zama. Ta zuba masa kunun sha'ir da man shanu, ta ɓare masa busasshen kifi kamar yadda take yi masa da.

"Ka rame, Tsako. Su waɗancan ƙartin ba sa ba ka abinci ne?"

"Inna, alfarma na zo nema. Mutanena arba'in za su shiga fili. Ki yi musu ƙullin kwalekwale."

Ta ajiye kifin da take ɓarewa.

"Sake faɗa."

"Kin ji ni. Idan na yi sulhu da su bana, baɗi wani zai tuno kakansa da aka kashe, ya ɗauki gatari. A kashe masa, ya kashe, a kashe masa. Tun kafin a haife ni ake yi. Ba ya ƙarewa, Inna, sai ranar da babu sauran mai ƙarfin ramuwa. Rana ɗaya kawai. Bayanta ba za a sake ƙone kowa a zaure ba."

"Mutanen nan hannuna suke miƙo wa takubbansu. Ba don suna tsorona ba, don sun yarda da ni ne. Ka zo ka ci kununa kana ce mini in yanka su?"

"Har yau tsoro nake ji," in ji shi. "Ko'ina na zauna sai na duba ƙofa."

Ta dubi hannuwansa, ga su nan suna ta ƙulla igiyar ɗamararsa. Tausayi ya kama ta, kuma nan ne ta yi kuskurenta, ita da kanta take faɗa. Ta ce, "Shanye kununka ka tashi. Ba zan yi ba, kai ma ba za ka yi ba. Na san ka." Ya ce to. Ya sumbaci goshinta ya fita. Ba ta gaya wa Ozur ba, ba ta gaya wa kowa ba. Tana ganin tunda ta ƙi, magana ta mutu. Wa zai kai ƙarar ɗan da ya goya?

Ranar taro, mutanen sarki aka fara ɗaure wa da sassafe, kamar yadda aka saba yi wa mai masauki. Takobi arba'in, ƙullin gaskiya ta yi wa kowanne. Suka koma rumfarsu cin abinci kafin jiragen shugabanni su gama isowa. A nan ya sa aka tara masa takubban a ɗakin ajiyar jirgi, wai zai yi musu tsafin sa'a, ya rufe ƙofa. Shi kaɗai, da igiyoyinta, ya kwance arba'in ya sake ƙulla arba'in. Da ya fito ya nuna wa mutanensa wutsiyar ya ce, "Tsohuwa ta yi mana aiki." Ko su ba su san gaskiya ba.

Ozur da kansa ya bi layi yana duba takubban mutanen sarki, kamar yadda al'ada ta ce. Ya duba ƙulli, ya ja takobi, gam. Har ya juyo ya ɗaga wa Gwaggo hannu yana dariya, "Gizo-gizo ba ta tsufa!" Aka zauna. Aka kawo zoben rantsuwa. Kolbein ya miƙe kamar zai ɗora hannu a kai, sai ya ɗaga hannun sama.

Alamar da mutanensa ke jira ke nan. Mutum sittin da uku suka kashe. Yawancinsu an same su da yatsu a kan ƙullin Gwaggo, suna ta fama su kwance. Ƙullin gaskiya ne, bai kwantu ba.

Yanzu ku ji abin da ya fi ƙona mini rai. Washegari, kasuwa na ci, sai ga mutanen sarki da busa, sun jawo jar saniya da jan mayafi, suna shela wai kyautar sarki ce ga Innarsa saboda aikin da ta yi masa. Ta kora saniyar har ƙofar gidansa. Ya sake aikowa. Ta sake korawa. Sau uku, har saniyar ta gane hanya ta riƙa zuwa da kanta. Amma wa ya ga mayarwa? Kawowa aka gani. Haka ya wanke hannunsa a jikin matar da ta share masa majina. Shi yana bukatar mutane su ji tsoronsa, amma ba ya so a ce shi ya karya alfarmar fili da hannunsa, don ko sarki ne alloli ba sa yafe wannan. To ga tsohuwa mai igiya, wa zai tsaya mata?

Ta faɗi gaskiya, ba ta yi shiru ba. Dariya aka yi mata. "Sarki ya zauna yana ƙulla igiya? Haba Aldis, nemi wata ƙaryar. Kuma ai ƙullin na gidanku ne, wa ya koya masa?" Ta ce ita. Aka ce to kin ga, ko ta ina ke ce. Masunta suka daina sayen igiyarta, sai dai su aiko a ɓoye ta hannun ubana, don sun san babu kamarta. Tofa, matar Ozur, duk inda ta gamu da ita sai ta tofar da yawu. Taro kuwa sarki ya hana kowa zuwa da takobi sai shi kaɗai, aikin gidanmu na kaka da kakanni ya mutu a rana ɗaya.

Zaman lafiya, an samu, ba zan yi masa ƙarya ba. Wanda ya zare wuƙa a kan gaba, rataye shi ake yi da shi da 'yan'uwansa maza, saboda haka kowa ya shiga taitayinsa. Sha'ir ya yi yawa, jiragen fatake suka dawo. Mawaƙa suka fara kiransa Kolbein Mai Sulhu. Mutanen da ke cin wannan zaman lafiyar da hannu biyu, suna yi wa wanda ya yanka iyayensu kirari, su ne dai ke jifan ƙofar Gwaggo da kan kifi. Laifin sun san ba sa iya ɗora wa mai jirage tara, sai suka sauke shi inda ba a ramawa.

Shekara goma sha tara tana haka. Ni lokacin na yi aure har da 'ya'ya uku. Wata bazara ta ce in raka ta taro. Ta tsufa, yatsunta sun kanannaɗe, ko cokali da ƙyar take riƙewa. Da mai faɗin doka, jagoran taron, ya tambaya ko akwai mai ƙara, sai ta dogara sandarta ta fito tsakiyar fili.

"Ina ƙarar sarki. Ya ɗauke mini suna."

Fili ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "A kawo mata saniyarta!" Sarki na zaune a kan kujerarsa, furfura ta fara cin gemunsa, takobinsa a kwance bisa cinyoyinsa. Ya ɗaga hannu aka yi tsit. "Ku bar ta ta yi magana. Ita ta riƙe ni."

Ta matsa har gabansa, ta zaro guntun igiya daga ɗamararta ta ajiye masa a cinya. "Riƙe wa Innarka wannan, Tsako, hannuna ba ya riƙo." Shekara nawa rabon da a kira shi da wannan suna. Na ga fuskarsa ta motsa. Ita kuwa ta juya masa baya, ta fuskanci jama'a, ta fara kiran sunaye.

Ba ta yi zargi ba, ba ta yi kuka ba. Sunaye kawai, da inda kowa ya faɗi. Ozur, a gefen zoben rantsuwa, bakinsa bai gama rufe dariya ba. Ƙaninsa, a kan dutsen nan da wancan yaron ke zaune. Wane, wanda ya sa haƙori yana cizon igiya har haƙorin ya fita. Wane, mai shekara goma sha biyar, ranar ce ya fara ɗaura takobi, ita ta ce masa ya yi kyau. Tana tafe a hankali, ɗaya bayan ɗaya, duk sittin da ukun suna kanta. Dariya ta ɗauke. Tsofaffin mata suka fara sheshsheƙa. Ta kai wajen na talatin sai na ga idanun mutane sun bar kanta sun koma bayanta.

Sarki yana kallon gabansa, fuska kamar dutse. Amma hannuwansa suna aiki. Igiyar ta zagaye mariƙin takobi sau uku, ta ratsa zoben kube, ta dawo, ta lanƙwashe, wutsiya ta shige ƙasa. Cikin sauri, cikin gwaninta, irin ta wanda ya yi abin sau dubu. Duk mai furfura a filin nan ya san fuskar wannan ƙulli.

Gwaggo ta gama sunayenta, ta juyo ta duba, ta ce, "Yauwa. Bai manta ba."

Sai a lokacin ya dubi cinyarsa.

Tofa ce ta tashi. Ba wanda ya tare ta, masu gadi ma sun daskare. Ta kama takobin sarki ta ja, gam. Ta laluba ƙasa ta samu wutsiyar, ta ja sau ɗaya. Igiya ta zube ƙasa. Ga hannunta a kan mariƙi, ga takobi a sake, ga wuyan wanda ya kashe mata miji. Ta dube shi, sannan ta cire hannunta ta goge a zanenta. Ta je ta durƙusa gaban Gwaggo ta ce, "Yaya Aldis, shekara goma sha tara ina tofa miki yawu."

"Na gani," in ji Gwaggo. "Tashi, ƙasa da sanyi. Ni ma da nawa laifin. Ya gaya mini abin da zai yi, na yi shiru don ina ganin yaron da na sani ne. Wannan na ɗauka. Amma ƙullin ba nawa ba ne."

Sarki ya miƙe. "Ku ƙirga 'ya'yanku maza," ya ce. "Da ban yi ba, rabinsu suna ƙasa."

"Ban zo karɓe maka sarauta ba," in ji Gwaggo. "Riƙe abarka. Sunana na zo karɓa."

Kuna tsammanin an yanke hukunci? Ina! Mai faɗin doka ya yi gyaran murya ya ce an ji ƙara, ya kira maganar wata gona. Ba namiji ɗaya da ya buɗe baki. Sarki ya ƙara shekara goma sha ɗaya a kan kujerarsa, ya mutu a shimfiɗarsa, aka binne shi cikin jirgi da dawakai. An ce bayan ranar ya sa an cire duk wata igiya daga tufafinsa, sai maɗaurin ƙarfe. Bai taɓa Gwaggo ba, bai kuma sake zuwa shan kunu ba. Na san ta jira shi, don kututturen nan ba ta bari a ƙone shi ba ko a hunturun da itace ya yanke mana.

Hunturu biyu Gwaggo ta ƙara a duniya bayan taron nan. A cikinsu masunta suka dawo sayen igiya ta ƙofar gaba, ni ke tufka tana zaune tana kushewa. Tofa kullum sai ta aiko da nono, kuma ita ta yi mata wankan gawa. Waɗanda suka ga abin nan da idonsu ba su sake faɗin ƙullin Aldis ba har suka mutu. Sai dai sun yi ta mutuwa, waƙoƙin Mai Sulhu kuwa suna nan, kuma babu igiya a cikinsu ko ɗaya.

Shi ya sa mai kifin nan bai tsira daga hannuna ba. Na zaunar da shi a kan kwandonsa na ba shi labarin daga farko har ƙarshe, masu saye suna ta wucewa. Da na gama ya sosa ƙeya ya ce, "To Baba, yanzu me za a riƙa cewa?"

Na ce, "Ƙullin Kolbein. Faɗi in ji."

Ya waiga dama da hagu tukuna, mutumin da ya shekara goma a ƙasa yake wa waige. Sannan ya faɗa, a hankali. Na ce ya ɗaga murya.